Kaset-kaset ɗin Shata a Magarya da Dungas: dukiyar da ke lalacewa cikin adaka

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Sai dai ita zuma tana iya shekara goma cikin tulu ba abin da ya same ta, alhali kuwa akwai wata tsohuwar dukiya a gidajen Magarya da Dungas wadda kowace bazara da kowace damina ke rage mata kwana. Wannan dukiya ita ce kaset-kaset da faya-fayan garmaho na marigayi Alhaji Mamman Shata, waɗanda ƴan kasuwa da direbobi da ma'aikatan gwamnati suka yi ta shigowa da su daga Kano da Daura da Maigatari shekara da shekaru. Yau galibinsu suna jibge cikin adaka ko ƙarƙashin gado, rakodar da ake sa su ta daɗe da mutuwa, masu su kuwa waɗansu sun tsufa, waɗansu sun kwanta dama.

Mai karatu zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da yanzu kowane yaro yana yawo da Shata cikin wayarsa? Tambayar tana kan hanya. Amsarta ita ce, abin da ke cikin wayoyi kaɗan ne ƙwarai daga abin da Shata ya rera, kuma shi ma ɗin ya iso babu suna, babu shekara, babu wuri. Shata bai zauna ya rubuta waƙa ba, bai kuma saba maimaita waƙa kamar yadda ya rera ta jiya ba. Saboda haka kaset guda da wani ya ɗauka a wurin biki shekara 45 da suka wuce yana iya zama shi kaɗai ne shaidar abin da aka rera a wannan dare a duk faɗin duniya. Ran da ya tsinke, ko yara suka zare shi, an yi hasarar da kuɗi ba sa mayarwa.

Iyakar da aka shata, da Shatan da ya ƙetare ta

Duk wanda ya san tarihin wannan yanki ba zai yi mamakin yadda mawaƙin ƙasar Katsina ya zama na gida a nan ba. Sarautar Magarya tana da asali da gidan sarautar Daura, tun lokacin da jihadin farkon ƙarni na 19 ya tarwatsa zuriyar sarakunan Daura, waɗansu suka zauna Zango, waɗansu Baure, waɗansu kuma Magarya. Da Faransa da Ingila suka zo suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, sai ta ratsa tsakanin dangi, wa yana wannan gefe, ƙane yana wancan. Auratayya da ciniki da ziyarar Salla kuwa ba su fasa ba.

Hanyar mota ma ta taimaka. Daga Magarya, in aka bi ta Tinkim zuwa Babura, Kano ba ta kai kilomita 200 ba, Yamai kuwa ta haura kilomita 900. Mutumin Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a shekarar 2011, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ita ce babbar kasuwarsa. Wanda ya kai shanu ko wake ko riɗi ba ya komowa hannu rabbana: yakan riƙo atamfa da sabulu da batir, a ƙarƙashin kayan kuma ga kaset biyu ko uku. Bayan shekarar 1986, da darajar naira ta fara faɗuwa, kayan Najeriya suka yi araha ga mai sefa a hannu, rakoda ta shiga gidajen da a da ko akwatin rediyo ba su da shi. Ko rufe iyaka da aka yi daga 1984 zuwa 1986 bai tsare muryar Shata ba, domin gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ba ya neman izinin duwan kafin ya shiga zaurukan Waca da Bande da Sassumburum da Dogo-Dogo.

Daɗin daɗawa, ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙinsa ita ce wadda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Da Shata ya rasu a Kano cikin watan Yuni na 1999, a Daura aka yi masa sutura, can kabarinsa yake. Watau mawaƙin yana kwance a ƙasar da mutanen Magarya ke kira gidan kakanni.

Abin da ya zo da shi sabo

An haifi Mamman Shata a Musawa ta ƙasar Katsina, bisa ga abin da aka fi ruwaitowa a shekarar 1923. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya zama mawaƙi ba. Ya yi tallan goro da alewa kafin waƙa ta rinjaye shi, ya zauna Bakori, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. A shekarar 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Kafin zamaninsa, manyan mawaƙan Hausa kusan kowa da rumfarsa. Makaɗin fada yana da sarkinsa guda, da kotsonsa ko taushinsa, ba ya yi wa talaka waƙa. Manoma da mahauta da ƴan dambe da maharba kowa da makaɗinsa. Kalangu kuwa an san shi da kiɗan mahauta da na ƴan mata a dandali. Shata ya ɗauki wannan kalangu, ya fito da shi daga rumfar fawa, ya shiga da shi fadar sarakuna da gidajen attajirai da barikin soja da gidan rediyo, bai kuma yarda ya zama mallakar mutum guda ba. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa da ma'aikacin hukuma. Ya yi waƙar noma, ya yi ta yabon Annabi, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka aika duniyar wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Wannan hanya da ya buɗe ita mawaƙa da yawa suka bi a bayansa.

Wanda ke son ya ji daɗin Shata sosai, sai ya raba kunnensa uku. Na farko ya saurari ƴan amshi. Amshin Shata gajere ne, sau da yawa jimla guda, ana maimaita ta tun daga farko har ƙarshe, kamar turken da aka kafa a tsakar gida. Na biyu ya saurari kalangu, wanda makaɗi ke matse tsarkiyarsa a hammata yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka kamar yadda maganar Bahaushe ke hawa da sauka, har wanda ya saba yakan ji abin da gangar ke faɗi. Na uku ya saurari shi gogan, yadda yake sakin magana tsakanin amshi da amshi, wani ɗa gajere, wani dogo har a ce numfashi zai ƙare, sa'an nan ya dawo daidai kan turke ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A nan ne ake samun kirari da habaici da zambo da labarin tafiye-tafiye da sunayen mutanen da ya gani a fili. A nan ne kuma waƙar yau ke rabuwa da ta jiya. Bakandamiya ma, wadda ya yi wa kansa kirari a cikinta, kuma aka ɗauke ta uwar waƙoƙinsa, ba iri ɗaya ba ce a kowane kaset. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba, har yau kuma babu wanda ya ƙidaya su duka, ko da yake littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, wanda Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, ya tattara abubuwa masu yawa game da su.

Ɗauka iri uku

Mai tara waƙoƙin Shata tilas ya san cewa abin da ke hannunsa ɗaya ne daga cikin iri uku, kowane da darajarsa.

Iri na farko shi ne faifan kamfani, kamar waɗanda kamfanin EMI ya buga a Najeriya. Sautinsu garau yake, a jikinsu kuma akwai lamba da sunan waƙa. Amma faifai yana da iyaka: ƙarami mai juyi 45 minti kaɗan yake ɗauka a kowace fuska, babba mai juyi 33 kuwa wajen minti 20. Mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa, a nan dole ya taƙaita, ya zaɓi ɗiyan da zai rera, babu ƴan kallo, babu mai yi masa kari.

Iri na biyu shi ne abin da gidajen rediyo da talabijin suka ɗauka a kan manyan zaruruwansu, wanda masu saurare suka yi ta naɗa a gida lokacin da ake watsa shi. Sau da yawa akan ji muryar mai gabatarwa a farko ko a ƙarshe. Waɗansu sukan share ta don su tsabtace waƙar, wannan kuwa kuskure ne babba, domin ita ce ke nuna tashar da shirin, wani lokaci har da ranar.

Iri na uku shi ne ɗaukar fili, wadda wani ya ajiye rakodarsa a kan tabarma a wurin biki ko naɗin sarauta ko wasan Salla. Sautinta ya fi kowane muni: ga guɗa, ga hayaniyar yara, ga sanƙira yana shelar wanda ya ba da kyauta da abin da ya bayar. Duk da haka ita ce ta fi tsada a wurin wanda ya san abin da yake nema, domin faifan kamfani an buga shi da yawa, in ya ɓace a Magarya ana iya samunsa a Kano ko Landan, ita kuwa ɗaukar fili mai yiwuwa ba ta da ta biyu. A cikinta ne ake jin sunayen fatake da dillalan shanu da masu motocin haya da matan attajirai waɗanda babu littafin tarihin da ya ambace su. Iyali da yawa a wannan yanki, in da za su saurara da kyau, a irin wannan kaset za su ji an kira sunan kakansu da garinsu da sana'arsa.

Bayan wannan akwai maganar juyi. Mai kaset na bakin tasha yakan juyi daga wani kaset, shi ma wancan daga wani aka juyo shi. Kowane juyi yana ƙara shuu, yana rage kaifin kalangu. In injin yana gudu fiye da kima, sai muryar dattijo ta koma kamar ta saurayi. In batir ya yi sanyi, sai ta yi nauyi tana ja. Don a cika kaset mai minti 60 ko 90, akan datse wutsiyar wata waƙa, a liƙa kan wata. Saboda haka tambayar farko ta gwanin tarawa ita ce: wannan uwa ce, ko ƴa, ko jikanya? Tsohon kaset mai dattin jiki, wanda aka rubuta wa suna da biro ko da ajami, yana iya fin sabo mai hoto daraja nesa ba kusa ba.

Darasi daga Birazil

Wannan damuwa ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A ƙasar Birazil, a jihar Bahiya, wadda aka kai Hausawa da yawa cikinta zamanin cinikin bayi, an haifi wani mawaƙi mai suna Joao Gilberto a shekarar 1931. Shi ma sabuwar hanya ya buɗe. Ya ɗauki kiɗan samba na ƙasarsu, mai ganguna da taron jama'a, ya mai da shi kan jita guda da murya ƙasa-ƙasa kamar mai raɗa. Wannan salo shi aka kira bosa nova. Faifansa Chega de Saudade ya fito a 1958, manyan faya-fayansa uku na farko kuma suka biyo baya a 1959 da 1960 da 1961, a kamfanin Odeon, wanda a lokacin reshe ne na EMI, watau kamfanin nan da ya buga Shata.

A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin ya haɗa faya-fayan nan uku wuri ɗaya ya sake fitar da su, bayan ya taɓa sautin da niyyar gyara. Mawaƙin ya ce an ɓata masa aiki, abin da ake sayarwa ba shi ne abin da ya rera ba, ya kai ƙara. Shari'ar ta ci shekaru masu yawa, kotu ta ba shi gaskiya, amma a tsawon wannan lokaci faya-fayan da suka kafa bosa nova suka yi wuyar samu ta hanyar kamfanin. Wanda ke son ya ji sautin asali sai ya nemi tsohon faifai a hannun masu tarawa. Gilberto ya rasu a birnin Riyo a 2019.

Abin lura a nan biyu ne. Na ɗaya, gyaran da bai san iyakarsa ba ɓarna ne: wanda ya sami tsohon kaset ɗin Shata ya sa kwamfuta ta goge guɗa da muryar sanƙira, ko ya ƙara masa kiɗan fiyano don ya yi daidai da kunnen yaran yau, ya kashe shaidar da yake cewa yana ceto. Na biyu, kada a dogara ga cewa manyan kamfanoni suna ajiye da komi. A watan Yuni na 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiyar kamfanin Universal a Amurka, zaruruwan asali na mawaƙa masu yawa suka ƙone ƙurmus. In haka ta faru a ƙasar da ke da kuɗi da injuna, to wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta sai ya shafa wa nasa ruwa.

Maƙiyan kaset

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe, sautin kuwa yana zaune ne cikin wannan shafe. Zafin watan Afrilu da Mayu, wanda kan haura digiri 40 a jihar Damagaram, yana sa ledar ta miƙe ta lanƙwashe, balle a ɗakin kwano. Laimar damina tana kawo fumfuna, zaren ya manne da juna. Ƙurar hunturu tana shiga ta kankare shafen. Maganaɗisun lasifika, in an jingina kaset da shi, yana rage sautin. Gara kuwa takan cinye takardar da aka rubuta sunan waƙa, ta bar kaset ba shaida. Faifan garmaho shi ma in ya sha rana ko aka danne shi a karkace, sai ya kandare ya ƙi zama a kan inji.

Amma maƙiyin da ya fi waɗannan duka shi ne ranar rabon gado. Ana lissafa gona da gida da dabbobi da tufafi, babu mai lissafa kwalin kaset. Sai a bar wa yara su yi wasa, ko a zare zaren a ɗaura a gona yana walƙiya don korar tsuntsaye. Ta haka waƙar da aka yi wa mai gidan da kansa takan ƙare tana kaɗawa a kan karan dawa.

Sa'an nan ga ƙarancin inji. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya yi zamaninsa ya wuce. Rakoda mai kyau ta yi wuya, robar da ke juya ta tana narkewa, masu gyaran rediyon da suka san cikinta kuma suna tsufa, yaransu sun koma gyaran waya. A shekarar 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyoyin sauti ta duniya suka yi gargaɗi a kan wannan matsala, cewa injunan sauraren zare suna ƙarewa, abin da ba a juye ba da wuri zai zama kamar wasiƙar da babu mai iya karanta ta.

Wayar hannu ta zo da alheri, babu musu. Masu tura waƙoƙi a kasuwa sun sa Shata ya kai kunnen yaran da aka haifa bayan rasuwarsa. Sai dai don waƙa ta shiga katin memori da yawa, akan matse ta, a zubar da wani sashe na sautin, wanda ba ya dawowa. Ana turawa daga waya zuwa waya, suna yana ɓacewa, ya koma lamba, ko wani ya laƙa mata sunan da ya ga dama. Katin da kansa ya fi kaset saurin mutuwa: kaset in ya tsinke ana liƙa shi a ci gaba, kati kuwa in ya ƙi buɗewa ya tafi da waƙa ɗari biyar a lokaci guda.

Yadda ake gane shekarar waƙa

Kaset maras shekara ba a fid da rai da shi, domin Shata mutum ne mai faɗin abin da ke gabansa, waƙar da kanta takan ba da shaida. Wadda ta kira Muhammadu Bashar Sarkin Daura ba ta riga 1966 ba. Wadda ta ambaci kumbon Apollo 11 ba ta riga 1969 ba. In sanƙira yana shelar kyauta da fam da sule, to akwai alamar tsufa, domin naira da kwabo sun fara aiki a watan Janairu na 1973, ko da yake bakin mutane ya daɗe bai saki tsohon lissafi ba. In an ambaci Jihar Katsina, to daga 1987 ne zuwa sama. In Jihar Jigawa ce, daga 1991 ne zuwa sama. In ana kiransa dakta, to daga 1988 ne zuwa sama. Haka kuma sarautar da aka kira mutum da ita: wanda aka kira da wata sarauta a wannan kaset, aka kira shi da wadda ta fi ta a wancan, an san wanne ya riga wanne.

Wannan aiki ne da ya dace da ma'aikatan gwamnati, musamman malaman makaranta da waɗanda suka yi ritaya, mutanen da suka saba da rajista da lamba. Abin da ake bukata littafi ne guda na ƴan makaranta. A ba kowane kaset lamba, a rubuta ta a jikinsa da cikin littafin. A gaban lambar a rubuta mai kaset ɗin, inda ya samo shi, shekarar da yake tunawa, waƙoƙin da ke kowace fuska, da sunayen mutane da garuruwan da aka ambata. Sa'an nan a zauna da dattawa a saurara tare, domin su ne suka san wane ne wane, wace mota ake nufi, wane habaici aka yi wa wa. Wannan sani ba ya cikin zare, yana cikin kawunan mutanen da shekarunsu suka haura 70, kuma kowace shekara ana rasa waɗansu.

Abin da ya rage a yi

Matakin farko ba ya cin ko dala. A fid da kaset-kaset daga ɗakin kwano zuwa wuri mai sanyi da bushewa, a jera su a tsaye cikin kwalayensu, nesa da lasifika da rana da ƙasa. A karya ƴan haƙoran nan biyu na saman kaset, don kada wani ya naɗi wani abu a kai bisa kuskure. Kada a sa tsohon kaset a rakodar da ba a gwada ta da wani maras amfani ba, domin inji mai cin zare yana iya gamawa da shi cikin minti guda. In zaren ya yi tauri, a juya shi a hankali da biro kafin a sa.

Mataki na biyu shi ne juyewa cikin kwamfuta, da waya mai haɗa rakoda da kwamfutar kai tsaye, fuska guda daga farko har ƙarshe, ba yanka, ba gyara, a kuma ajiye shi a siffar da ba a matse ba, wadda ake kira WAV. Daga wannan uwa sai a fitar da ƙanana don wayoyi. A ajiye uwar a wuri biyu ko uku, ba gida ɗaya ba. Bayan an juye, kada a yar da kaset ɗin, gobe ana iya samun injin da ya fi na yau. Wanda kuma ya juye don ya adana ya sani haƙƙin waƙar yana ga magadan mawaƙin. Adanawa daban, buɗe kasuwa da dukiyar marayu daban.

Mataki na uku na hukuma ne da masu hali. Nijar ba ta rasa wuraren da aikinsu ke nan ba: akwai cibiyar CELHTO ta adana al'adun baka da aka kafa a Yamai a 1968, akwai cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya, ga kuma ma'ajiyar Muryar Sahel. Amma waɗannan duka suna da nisa da Malawa da Guci. Abin da ya fi sauƙi shi ne rediyoyin karkara da gidajen matasa da al'adu na gundumomin biyu su ware rana, a yi shela kowa ya kawo abin da ke adakarsa, a juye a gabansa, a mayar masa da kayansa tare da kwafi. Rakoda mai kyau guda, kwamfuta guda da ma'ajiyar sauti biyu ba su fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya daga cikin masu lodin tirela zuwa Maigatari ba. Ranar 27 ga Oktoba, wadda UNESCO ta keɓe don tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto, ta isa ta zama ranar farawa.

Kada a raina abin da kaset guda ke iya yi. Mamman Sani, ɗan Nijar mai kaɗa ogan, tsohon kaset ɗinsa ya daɗe a ajiye a Yamai ba mai waiwayarsa, sai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya same shi ya sake buga shi a 2013, daga nan sunansa ya zaga duniya. Da an zare wannan kaset an ɗaura a gona, da labarin ya ƙare tun ba a fara ba.

In an buɗe adakar don Shata, za a tarar ba shi kaɗai ne a ciki ba. Akwai Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, akwai Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, akwai Musa Ɗanƙwairo da Barmani Coge, akwai Ɗan Gurmu na Tawa da Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. A ƙarƙashinsu duka kuma akwai makaɗan ƙauyukan Magarya da Dungas, waɗanda ba su taɓa shiga kamfani ko gidan rediyo ba, muryarsu tana kan kaset guda tak da wani ya ɗauka ranar auren ƙanwarsa. Su ne suka fi kowa bukatar a yi hanzari. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya ba na yau ikon riƙe abin da suka bari.